Iyakar da 'Yan Kasuwa Suka Shata Cikin Faifan Sinima

Cikin watan Maris na shekarar 2009 Firayim Ministan Ingila, Gordon Brown, ya kai ziyara birnin Washinton. Da ya tashi komawa gida, Shugaban Amurka, Barack Obama, ya sallame shi da kyautar fayafayan sinima guda 25, waɗanda aka zaɓo daga cikin fina-finan da Amurkawa su ke alfahari da su. Ba a daɗe ba sai jaridun Landan suka ba da labari, wai da baƙon ya isa gida ya sa faifai ɗaya cikin na'urarsa, sai na'ura ta ƙi, ta nuna masa rubutu cewa wannan faifai ba na shiyyarta ba ne. Faifan nan lafiyarsa lau, ba jabu ba ne, ba kuwa na sata ba. Na'urar ita ma ba ta lalace ba, aikin da aka ƙera ta dominsa shi ta yi. Mutanen Ingila suka yi ta dariya 'yan kwanaki, magana ta wuce.

Amma abin ya cancanci a tsaya a dube shi. Ga shugabannin manyan ƙasashe biyu, ɗaya ya yi wa ɗaya kyauta, sai wata iyaka ta tare kyautar, iyakar da babu majalisar da ta zauna ta shata ta, babu kuma ɗan kwastan ko soja da ke tsaronta. 'Yan kasuwa ne suka shata ta tun a 1996, suka binne ta cikin na'urar da mutum ya saya da kuɗinsa ya ajiye a ɗakinsa. Wannan takarda za ta bi asalin iyakar nan, da abin da aka so ta tsare, da yadda ta ƙare da masu shagunan haya, gama a kansu ne aka fi gwabza shari'a. Mai karatu zai ga cewa kullen da aka sa cikin na'ura bai yi ƙarko ba ko kaɗan. Abin da ya yi ƙarko shi ne hukuncin alƙalai.

Raba duniya kashi kashi don ciniki ba a kan faifai aka fara shi ba. Malaman da suka koyar da littattafan Turanci sun saba ganin ɗan rubutu a bangon baya, mai cewa ba a yarda a sayar da wannan bugu a Amurka ba. Wannan al'ada tana da tushe. A 1947 masu buga littattafai na Ingila suka ƙulla yarjejeniya tsakaninsu, cewa ba mai sayen iznin buga littafin Ba'amurke sai an haɗa masa da kasuwar dukan ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila ko suka taɓa zama, har da Nijeriya. Shirin ya yi kusan shekara 30 yana tafiya, sai a 1976 aka warware shi, bayan Gwamnatin Amurka ta kai ƙarar masu buga littattafai na ƙasarta a kan haɗin baki na hana gasa.

Masu sinima kuwa dalilinsu ya fi na masu littafi ƙarfi. A zamanin da, fim kaya ne mai nauyi, doguwar leda ce a naɗe cikin gwangwanaye, kowane kwafi kuwa sai an kashe kuɗi mai yawa kafin a wanke shi. Kamfani ba ya iya wanke kwafin da zai ishi duniya duka rana ɗaya. Sai a fara nunawa a Amurka, in kwafi ya gama yawonsa can a ɗora shi a jirgi zuwa Turai, daga nan Asiya da Afirka, inda ya kan iso a ƙoƙe, duk ya sha zane. Ban da wannan, sai an juya magana zuwa Faransanci ko Jamusanci, sai hukumar tace fina-finai ta kowace ƙasa ta duba, sai kuma a jira lokacin hutun makarantu, alhali kuwa lokacin zafi a Amurka shi ne lokacin sanyi a Ostareliya. Babban dalili duka shi ne kuɗi. Kamfani ya kan sayar da iznin fim ƙasa ƙasa, wani lokaci tun ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba, da kuɗin nan ma a ke yin aikin. To, wanda ya biya don ya zama shi kaɗai ne wakili a Danmak, ba zai so ya wayi gari ya tarar da kayan wakilin Ingila a kasuwarsa ba. Daga nan aka sami tsarin bi da bi: fim ya fara cin kasuwar gidan sinima, sa'an nan ta haya, sa'an nan ta saye, daga ƙarshe talabijin. Faransa har doka ta yi a kai, a 1983 ta ƙayyade shekara guda tsakanin fitar fim a sinima da fitarsa a kaset.

Da kaset ɗin bidiyo ya fito, Betamax a 1975 da VHS a 1976, sai ga fim ya zama abin da matafiyi zai jefa cikin jaka. Da wannan kaɗai ya isa ya rushe tsarin, amma kamfanoni suka yi sa'ar wani shinge wanda ba su suka kafa shi ba. Ƙasashen duniya ba su daidaita a kan hanyar watsa hoto mai launi ba. Amurka ta tsai da tata a 1953, ana kiranta NTSC, mai layi 525 da hoto kusan 30 cikin sakan guda, Japan kuma ta bi ta. A Jamus wani injiniya na kamfanin Telefunken, Walter Bruch, ya ƙago PAL, mai layi 625 da hoto 25, wadda Ingila da Jamus ta Yamma suka fara aiki da ita a 1967. Faransa ta ce ita ma sai tata, watau SECAM, Rasha ta mara mata baya. Ƙasashen Afirka galibi kowa ya bi sawun wanda ya mulke shi: Nijeriya ta ɗauki PAL, Nijar ta ɗauki SECAM. Sabo da haka kaset ɗin da aka naɗa daga talabijin na Yamai, in an kunna shi a na'urar Kano ya kan fito fari da baƙi, na Amurka kuwa hoton ma ba ya tsayawa. Akwai na'urori masu cin kowane iri, amma da tsada, ba kowa ke da su ba. Wannan shinge gardamar injiniyoyi da girman kan gwamnatoci suka haife shi, kamfanonin fim dai suka tsinci dami a kala.

Sai dai shingen bai raba Ingila da Danmak ba, gama duk PAL su ke. A nan ne maganar haya ta shigo, kuma dole a ɗan koma baya don a gane ta.

A Amurka akwai wata tsohuwar ƙa'ida wadda Kotun Ƙoli ta kafa a 1908. Wani kamfanin buga littattafai, Bobbs-Merrill, ya rubuta cikin wani littafinsa cewa kada kowa ya sayar da shi ƙasa da dala guda. Kantin Macy's na Niyu Yok ya sayar a kan santi 89. Kotu ta ce ikon mai haƙƙi a kan kwafi guda ya ƙare ran da ya sayar da shi. Wanda ya saya yana iya sayarwa, ko ya ba da aro, ko ya ba da kyauta. A kan wannan ƙa'ida ne sana'ar hayar kaset ta tsaya. A 1977 wani mutum a Los Angeles, George Atkinson, ya sayi fina-finai 50 na kamfanin Fox waɗanda aka fara fitarwa a kaset, ya shiga ba da su haya kwana kwana. Kamfanoni suka fusata, suka nemi Majalisa ta canja doka, ba su samu ba, ko da ya ke masu faifan waƙa sun sami tasu a 1984. Da suka rasa yadda za su yi, sai suka tsawwala kuɗin kaset, don su karɓi rabonsu daga mai shago tun a ranar saye.

A Turai kuwa kowace ƙasa da dokarta. Ingila a lokacin ba ta ba mai fim ikon hana haya ba, Danmak ta ba shi. Wani mai shagon kaset a Kopenhagen, Christiansen, ya lura da wannan, ya sayo kaset ɗin wani fim na James Bond mai suna Never Say Never Again a Landan, ya kawo shagonsa don haya. Kamfanin Warner da wakilinsa na Danmak, Metronome, suka kai shi ƙara. Hujjar mai shago ba ta banza ba ce. Ƙasashen biyu suna cikin Kasuwar Tarayyar Turai, ginshiƙin kasuwar kuwa shi ne kayan da aka sayar da halal a ƙasa ɗaya su wuce zuwa ɗaya ba tsangwama. Ya sayi kaset da kuɗinsa, a kantin da mai fim ya yarda a sayar, ina laifinsa? Aka miƙa tambayar ga Kotun Turai da ke Luksamburg, ta yanke hukunci cikin watan Mayu na 1988. Ta ce saye daban, haya daban. Kaset guda da aka sayar sau ɗaya yana iya shiga gida ɗari ta hanyar haya, in kuwa aka ce rabon mai fim ya tsaya ga kuɗin saye, to, an ba wani gonarsa ya girbe. Sabo da haka sayen da aka yi a Landan bai kashe ikon hana haya a Kopenhagen ba. A shekarar nan Ingila ta sa ikon haya cikin sabuwar dokarta, a 1992 kuma aka shimfiɗa shi a kan dukan ƙasashen Tarayyar. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan hukunci, domin an yi shi shekara 8 kafin a ƙera faifai mai lambar shiyya, ya kuma fi lambar daɗewa yana aiki.

Faifan DVD, wanda bakin jama'a ya mai da shi dibidi, ya fito ne daga sulhu. Sony da Philips suna da nasu samfuri, Toshiba da Time Warner da abokansu suna da nasu, kowa kuwa yana tune da asarar da aka tafka a rigimar Betamax da VHS. A 1995 suka daidaita a kan samfuri guda. Na'urorin farko suka shiga kasuwar Japan cikin Nuwamba 1996, Amurka cikin Maris 1997, Turai a 1998. Amma na'ura ba fim kwalba ce ba ruwa, kamfanonin Holiwud kuwa suka ce ba za su ba da fim ko ɗaya ba sai an cika musu sharuɗɗa. Tsoronsu a fili ya ke. Faifai ba ya ƙoƙewa kamar kaset, ba shi da nauyi a ambulan, ga shi kuma yana ɗaukar harsuna da yawa. A shekarun nan fim ya kan fita a faifai a Amurka kamar wata 6 bayan sinima, alhali a wasu ƙasashe bai ma iso gidan sinima ba tukuna. Suka nemi abu biyu: a murɗe abin da ke cikin faifai yadda ba mai karanta shi sai da mabuɗi, a kuma raba duniya shiyya shiyya.

Rabon ya zama haka. Shiyya ta 1 Amurka da Kanada. Ta 2 Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya da Masar da Afirka ta Kudu. Ta 3 kudu maso gabashin Asiya da Koriya ta Kudu da Taiwan da Hong Kong. Ta 4 Meksiko da Amurka ta Kudu da Ostareliya da Niyu Zilan. Ta 5 sauran Afirka da Rasha da Indiya da maƙwabtanta. Ta 6 ƙasar Sin ita kaɗai. Aka ajiye ta 7 ba a ba kowa ba, ta 8 kuwa ta jiragen sama ce da na ruwa. Malamin labarin ƙasa da ya zana wannan taswira a allo zai sha tambaya daga ɗalibai, gama cikinta Kano maƙwabciyar Mosko ce da Bombai, amma baƙuwa ce ga Jidda da Alƙahira. Alhajin da ya sayo faifai mai kulle a Makka, ko ɗan kasuwar da ya sayo a Dubai, ya sayo kayan wata shiyya ke nan. In an duba da kyau, akwai wayo cikin rabon. Japan da Amurka talabijin ɗinsu iri ɗaya ne, faifai kuwa ya fi araha a Amurka, sai aka raba su da lamba. Aka haɗa Japan da Turai, waɗanda tsohon shingen PAL da NTSC ya riga ya raba. Meksiko, da ke jingine da Amurka, aka jefa ta can wajen Ostareliya. Duk inda araha ke maƙwabtaka da tsada, nan aka ja layi.

Yadda kullen ke aiki kuwa ba wani abin mamaki ba ne. Cikin faifai akwai ɗan wuri mai gurbi 8, kowane gurbi na shiyya guda, yana nuna an yarda ko ba a yarda ba. Na'ura ita ma tana da lambarta. In an sa faifai sai ta duba gurbinta, in ta ga hani ta tsaya. Shi ke nan. Ba lambar ce ke murɗe fim ba, na'ura ce ke yin biyayya. Abin da ya sa ta ke biyayya shi ne, mai ƙera na'ura ba ya samun mabuɗin warware murɗin nan, wanda a ke kira CSS, sai ya sa hannu a takardar lasin, cikin takardar kuwa akwai alkawarin girmama shiyya. Watau dai doka ce ta 'yan kasuwa, wadda aka ɗaure da alkawari tsakanin kamfani da kamfani, mai saye bai san an yi ba sai ran da na'ura ta juya masa baya. Ga masu kwamfuta aka ɗan sassauta: daga shekarar 2000 aka ƙera ma'ajin faifai yadda mutum zai iya sauya shiyya sau 5, a na ƙarshe ya kafe.

Tun ba a je ko'ina ba kullen ya fara zuba. Mai ƙera na'ura ba shi da riba cikin ƙuntata wa mai sayen kayansa, kuma ya fi masa sauƙi ya ƙera iri ɗaya don duniya duka, ya saita lambar daga baya. Abin da aka saita kuwa ana iya sake saita shi. Nan da nan aka gane cewa na'urori da yawa, musamman masu araha da a ke ƙerawa a ƙasar Sin, in an danna wasu lambobi a rimot sai su buɗe su ci kowane faifai. Lambobin suka bazu a intanet da mujallu. A Ingila har babban kantin nan Tesco ya sayar da irin waɗannan na'urori a shekarar 2000, ya kuma fito fili ya nemi a soke tsarin. Murɗin kansa bai tsira ba: cikin Oktoba 1999 wani yaro ɗan shekara 15 a ƙasar Norwe, Jon Johansen, tare da wasu mutum biyu da ba su bayyana kansu ba, suka saki wata manhaja mai warware shi. Aka gurfanar da yaron a Oslo, kotu ta sallame shi cikin Janairu 2003, aka ɗaukaka ƙara, aka sake sallamarsa cikin Disamba. Kamfanonin Warner da Columbia suka gwada wata dabara a 2000, suka sa faifai da kansa ya riƙa tambayar na'ura shiyyarta, in ya ga ta buɗe wa kowa ya ƙi. Ita ma ba ta yi nisa ba. Hukumar kula da gasa ta Ostareliya ta yi ta kuka da tsarin tun daga 2000, har a 2006 Majalisar ƙasar ta rubuta cikin doka cewa kullen da aikinsa raba kasuwa ne kawai ba ya cikin makullan da doka ke karewa.

Wa kullen ya kama ke nan? Bai kama ɓarawon fasaha ba, gama shi in ya kwafi fim ya kan zubar da lambar, kayansa su ci a kowace na'ura. Wanda ya kama shi ne mai gaskiya marar wayo: ɗalibin da ya gama karatu a Amurka ya komo da akwatin fayafayansa, da baƙon da ke son fim na harshen uwarsa, da malamin Faransanci da ya yi odar fim daga Faris don ajinsa a Kanada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai kuma dubban tsofaffin fina-finai da ba a taɓa fitarwa ba sai a shiyya guda, waɗanda ba su da wani lokacin sinima da za a ce ana tsarewa, amma duk da haka aka kulle su. Wannan shi ya fi kome nuna cewa tsare farashi da haƙƙin wakilai ya fi tsare lokaci nauyi a zuciyar masu tsarin.

Da na'urori suka buɗe, sai masu shagunan haya suka ga hanya. Shugaban sashen bidiyo na Warner, Warren Lieberfarb, wanda ya fi kowa tsayawa a kan dibidi, ya dage a sayar da faifai da araha don kowa ya saya ya ajiye. Wannan araha ta sa mai shago a wata ƙasa yana iya odar faifan shiyya ta 1 ranar da ya fito, ya ba da shi haya. Inda abin ya fi tsanani shi ne Niyu Zilan. A 1998 ƙasar ta halatta shigo da kayan asali ta bayan wakili, don farashi ya sauka. Sai ga fim a kan kantar shagon haya tun bai iso gidan sinima na garin ba, masu sinima na ƙananan garuruwa, waɗanda su ne na ƙarshe a layin karɓar kwafi, suka ce an kashe su. A 2001 Babbar Kotu, cikin shari'ar Video Ezy da Roadshow, ta bi hanyar da Kotun Turai ta bi, ta ce iznin shigo da faifai bai zama iznin ba da shi haya ba. A 2003 Majalisa ta ƙara da hana shigo da fim don ciniki har sai ya yi wata 9 da fitowa. A 2013 aka rage zuwa wata 5, a ƙarshen Oktoba 2016 hanin ya faɗi, lokacin da gidajen sinima suka bar leda suka koma na'ura mai kwakwalwa, fim kuma ya zama yana fita ko'ina kusan rana ɗaya.

A Danmak kuma wani kamfani mai suna Laserdisken ya kai ruwa rana har sau biyu a Kotun Turai. Karo na fari, a 1998, a kan hayar manyan fayafayan da suka gabaci dibidi, waɗanda ya shigo da su daga Ingila. Kotu ta ce ko da mai fim ya yarda a yi hayarsu a Ingila, yardar ba ta ƙetare ruwa ba. Karo na biyu ya fi nauyi. Sana'ar kamfanin ita ce kawo wa masu sha'awa bugun Amurka da na wasu ƙasashe, irin waɗanda ba a samu a Turai. Da Danmak ta gyara dokarta don ta dace da umurnin Tarayya na 2001, sai shigo da su ba iznin mai haƙƙi ya zama laifi. Kamfanin ya ƙalubalanci dokar, cikin Satumba 2006 kotu ta ce sayarwar da ke kashe ikon mai haƙƙi ita ce wadda aka yi cikin Turai kaɗai, kuma ba ƙasar da ke da ikon sassautawa. A lokacin nan na'ura mai cin kowace shiyya ta zama ruwan dare a Turai, amma mai shagon da zai kawo faifan ya rasa ƙafar tsayawa. Amurka kuwa ta bi ta wata hanya: a 2013, cikin shari'ar wani ɗalibi ɗan ƙasar Tailan, Kirtsaeng, wanda ke sayo littattafan karatu masu araha daga gida yana sayarwa, Kotun Ƙoli ta ce ƙa'idar 1908 ta haɗa har da kwafin da aka buga a ƙetare.

Shiyya ta 5 labarinta daban ne, gama an gina mata ganuwa ba a kawo kaya cikin birnin ba. Fina-finan da aka fitar da lambarta kaɗan ne, mafi yawansu don Rasha da Indiya. A Rasha kamfanoni suka shiga fitar da faifai da gaggawa, da araha, ba tare da gyaran hoto sosai ba, don su riga ɓarayi kasuwa. Ɓarayi suka karɓi wannan faifai da hannu biyu, suka ɗora masa muryar Turanci, suka watsa wa duniya, har sunan shiyyar ya zama sunan wani nau'i na fim ɗin sata. A Nijeriya kuwa ƙungiyar kamfanonin fim ta Amurka ta dakatar da aiko da fina-finai tun 1981, sabo da haka kasuwa ta riga ta koyi ci da kanta. Brian Larkin, cikin littafinsa Signal and Noise na 2008, ya bayyana yadda fina-finan Indiya ke biyowa ta Dubai su sauka a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, a kwafe su a rarraba, da yadda fim ɗin Hausa ya tashi a kan wannan hanya ta rarrabawa. Da kaset ya ja baya, abin da ya gaje shi a nan shi ne faifan bisidi, wanda aka ƙago a 1993, ba shi da murɗi, ba shi da shiyya. Dibidi ya iso daga baya cikin na'urorin Sin masu cin kome. Mutane da yawa sun yi shekaru suna kallo ba su taɓa jin cewa an sa su cikin wata shiyya ba. Abin da ya taɓa masu shirya fim na Kano shi ne ɗaya rabin labarin, watau haya: mai shago ya sayi kwafi guda ya yi ta juya shi a unguwa, mai fim bai ga kwabo ba. Gardamar Kopenhagen ce ta sake tashi a wani wuri. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta ba mai fim iko a kan haya, a 1999 kuma aka fitar da ƙa'idodi na musamman don shagunan, amma rubuta doka daban, bin shago shago a karɓi kuɗi daban.

Da faifan Blu-ray ya fito a 2006 aka rage shiyyoyi zuwa 3. Japan ta koma ɗaki ɗaya da Amurka, Afirka duka ta shiga ɗakin Turai, Rasha da Sin da Indiya suka haɗu a na uku. Abokin gasarsa, HD DVD na Toshiba, ba shi da shiyya sam, amma ya faɗi a 2008. Sabon samfurin da ya biyo baya a 2016 aka bar shi a buɗe. Kafin nan kallo ya riga ya koma intanet, inda ba a bukatar gurbi cikin faifai, gama kamfani yana ganin ƙasar da mai kallo ya ke zaune, ya nuna masa abin da aka saya wa ƙasar izni, ya ɓoye saura. Cikin Janairu 2016 Netflix, wanda asalinsa shagon hayar dibidi ne ta gidan waya, ya buɗe a ƙarin ƙasashe 130, Nijeriya da Nijar na ciki, a cikin watan nan kuma ya ba da sanarwar zai toshe masu ɓad da sawu don su ga kayan wata ƙasa. Tarayyar Turai ta yi doka a 2018 mai hana 'yan kasuwar intanet bambanta masu saye sabo da ƙasarsu, amma da aka zo kan fina-finai sai aka keɓe su. Netflix ya aika da ambulan ɗinsa na ƙarshe mai ɗauke da faifan haya ran 29 ga Satumba 2023.